Yadda ake haɗa ma'aunin ra'ayi na intanet da ke nuna wa mai zaɓe ɗan takarar da bakinsu ya zo ɗaya

Wanda ya taɓa bin zaɓen Amurka ta intanet mai yiwuwa ya ci karo da shafin iSideWith, wanda aka buɗe a 2012. Za a jero maka tambayoyi kan haraji, baƙin haure, mallakar bindiga da sauransu, ka amsa, a ƙarshe a ce maka ra'ayinka ya dace da na wane kashi kaza cikin ɗari. Abin ya girmi shafin nan nesa ba kusa ba. 'Yan Holan ne suka fara da StemWijzer a 1989, a ɗan littafi da faifan kwamfuta, kafin ya hau intanet a 1998. Jamus ta bi sahu da Wahl-O-Mat a 2002, Suwizalan da Smartvote a 2003, Kanada da Vote Compass a 2011. Ni dai ma'aunin ra'ayi nake ce masa.

Na fara haɗa irinsa a takarda gabanin zaɓen 2019, don ɗaliban ƙungiyar muhawara da nake koyarwa, daga baya na mayar da shi waya. Tun daga lokacin na haɗa ya fi a ƙirga, wani don zaɓen gaske, wani don atisaye a aji. Masu son koyo kullum fargabarsu lissafi da kwamfuta, alhali nan ne wuri mafi sauƙi. Inda ake zalunci, da sani ko ba da sani ba, shi ne wajen zaɓen tambayoyi da kuma rubuta wa ɗan takara matsayinsa. A can za mu daɗe.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta, ko waya mai ɗan faɗin fuska idan babu. Kana buƙatar adireshin Gmail don ka samu Google Sheets, jadawalin lissafi na kyauta. Excel ma yana yi. Sai kundin manufofin kowane ɗan takara, da bidiyon muhawarori da hirarrakin da suka yi da bakinsu. Ka tanadi littafi ko wani shafi daban na rubuta hujja: wa ya faɗa, a ina, ran nawa ga wata.

Abu na ƙarshe ba a saye a kasuwa: mutum uku zuwa biyar waɗanda ba jam'iyya ɗaya suke so ba. Idan duk abokan aikinka hularku iri ɗaya ce, ka dakata tukuna har ka samo wanda zai yi maka gardama. Ka ware mako uku zuwa huɗu.

1. Yanke shawarar su wa za su shiga

A zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2019 sunaye 73 ne a takardar ƙuri'a, a na 25 ga Fabrairu 2023 kuma 18. Ba lallai ka iya tattaro matsayin kowa ba. Idan za ka rage, ka kafa ƙa'ida tun kafin ka fara, ka rubuta ta a fili: misali, duk wanda ya fitar da kundin manufofi a rubuce ya shiga. Kada ƙa'idar ta zama "waɗanda nake ganin za su ci". A Jamus, a watan Mayun 2019, wata ƙaramar jam'iyya mai suna Volt ta kai ƙara saboda a wancan lokacin Wahl-O-Mat ba ya barin a kwatanta fiye da jam'iyyu takwas a lokaci guda, kotu a birnin Kolon ta ba ta gaskiya, har aka rufe shafin na 'yan kwanaki ana dab da zaɓen majalisar Turai.

2. Tara jimloli da yawa, fiye da yadda kake buƙata

Ma'aunin ba tambaya yake yi ba a zahiri. Jimla yake ajiyewa, mutum ya ce na yarda, ban yarda ba, ko ina tsaka-tsaki. StemWijzer jimla 30 yake amfani da su, Wahl-O-Mat 38, amma masu haɗa na Jamus sukan fara da wajen 80 su tura wa jam'iyyu, sannan su tace. Kai da mutanenka da waya da tsadar data, 20 sun isa. Don ka samu 20 masu kyau sai ka fara da 50 ko 60.

Kowa a cikin tawagar ya rubuto nasa shi kaɗai kafin a zauna tare, don kada mai babbar murya ya ja kowa. Sannan a raba su fanni-fanni: tattalin arziki, tsaro, noma, ilimi, lafiya, tsarin mulki, hulɗa da ƙasashen waje.

3. Tace jimlolin

Kowace jimla sai ta tsallake shinge biyar.

Na farko, dole ta raba 'yan takara. "A kawo ƙarshen matsalar tsaro" ba jimla ba ce, addu'a ce, kowa amin zai ce. Haka "a yaƙi cin hanci". Wani lokaci ma jimlar tana da zafi a gari amma ba ta raba manyan. A 2023 ɗalibaina sun nace sai an sa cire tallafin man fetur, kuma da gaskiyarsu, maganar tana bakin kowa. Sai dai Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun ce za su cire shi. Mun bar ta, domin ya kamata mai zaɓe ya ga hakan da idonsa, amma irinta ɗaya ko biyu kawai za ka bari. Sauran su zama waɗanda ake ja-in-ja a kansu: "A bai wa jihohi ikon kafa 'yan sandansu." "Gwamnati ta zauna sulhu da 'yan bindiga." "A sayar wa 'yan kasuwa matatun man gwamnati." "A bar kasuwa ta yanke farashin dala."

Na biyu, jimla ɗaya magana ɗaya. "A ƙara albashin malamai kuma a rage kuɗin makaranta" jimla biyu ce aka ɗaure da igiya ɗaya. Wanda ya yarda da rabi ba shi da inda zai danna.

Na uku, a guje wa "kada" da "bai kamata ba". Ka gwada da kanka: "Kada a buɗe iyakoki don shigo da shinkafa." Mutum ya danna "ban yarda ba". Me yake nufi? Rabin masu amsawa suna nufin a buɗe, rabi suna nufin ba su yarda a buɗe ba. Na ga wannan a aji, ɗalibai biyu masu ra'ayi ɗaya sun danna amsa daban-daban, har suka fara musu kafin suka gane bakinsu ɗaya. Rubuta ta kai tsaye: "A buɗe iyakoki don shigo da shinkafa."

Na huɗu, a wanke jimlar daga kalmomin kamfe. "A daina ɓarnatar da dukiyar talakawa a kan matatun da suka mutu" ta riga ta amsa kanta. Kuma kada sunan ɗan takara ko taken jam'iyya ya fito a ciki, domin da mutum ya ji ƙamshin gwaninsa ya daina karatu.

Na biyar, abin ya shafi kujerar da ake nema. Gyaran kwatar unguwa ba aikin shugaban ƙasa ba ne. Akwai kuma waɗanda ba shi kaɗai zai yi ba, kamar 'yan sandan jihohi, da ke buƙatar gyaran tsarin mulki da amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun jihohi, wato 24 cikin 36. Irin wannan a bar ta, amma a ƙara ɗan bayani layi ɗaya a ƙarƙashi.

Bayan kowace jimla ta tsallake, sai ka kalle su a dunƙule, kuma a nan ne ainihin ikon da ke hannunka yake. Masu bincike a Beljiyam sun nuna a 2009 cewa idan aka canza jimlolin da aka tsinto daga tari ɗaya, jam'iyyar da ke fitowa a sama ita ma canzawa take yi, alhali masu amsawa su ne dai, ra'ayinsu bai motsa ba. Wato idan ka sa jimla bakwai kan fannin da gwaninka ya fi farin jini, biyu kan inda yake da rauni, ka yi masa kamfe ba tare da ka yi ƙarya ko ɗaya ba. Maganinsa a ƙirga: kada wani fanni ya wuce jimla huɗu cikin 20. Sannan mutane sun fi saurin cewa "na yarda" a kan "ban yarda ba", musamman idan sun gaji. Don haka ka duba kada ya zama akwai ɗan takarar da amsarsa kusan duk "na yarda" ce. Idan akwai, juya wasu jimlolin: "a sayar da matatun" ta koma "gwamnati ta ci gaba da riƙe matatun".

4. Nemo matsayin kowane ɗan takara

Hanya biyu ake bi a duniya. Smartvote da Wahl-O-Mat suna tura jimlolin ga 'yan takara ko jam'iyyu su amsa da kansu. Vote Compass kuwa masu bincikensa ne ke tono matsayin daga maganganun da aka yi a bainar jama'a, sannan su tuntuɓi jam'iyyun a daidaita. Ka gwada ta farko, ka aika wasiƙa iri ɗaya ga kowa a rana ɗaya da wa'adi ɗaya. Kada ka sa rai sosai. Ta biyun ita za ta fisshe ka.

Hujja tana da daraja hawa-hawa. Kundin manufofi shi ne sama. Sai abin da ɗan takara ya faɗa da bakinsa a muhawara ko hira, wanda ka ji da kunnenka, ba guntun bidiyo na daƙiƙa 20 da aka turo a WhatsApp ba. Nemo cikakken ka ji abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Sai sanarwar kakakin da aka naɗa a hukumance. Maganar magoyin baya, ko da tsohon gwamna ne, ba hujja ba ce. Idan maganganu biyu suka ci karo, a ɗauki ta baya-bayan nan, a rubuta a littafin hujja cewa ya sauya.

Mutum biyu su yi wannan aikin, kowa a ɓoye da ɗan'uwansa, sannan a haɗa. Inda suka yi daidai, an gama. Inda suka saɓa, a kawo na uku a karanta hujjar da ƙarfi. Za ka sha mamakin yadda mutum biyu masu hankali ke karanta sakin layi ɗaya, kowa ya ga abin da zuciyarsa ke so.

Ga kuskuren da ya taɓa kunyata ni. Akwai ɗan takarar da muka rasa matsayinsa kan jimla tara cikin 20, sai na bar gidajensa a jadawali babu komai. Kwamfuta kuwa gidan da ba komai sifili take ɗaukarsa, sifili kuma a tsarinmu shi ne tsaka-tsaki. Mai tsaka-tsaki ba ya taɓa tashi a tutar babu: ko ka yarda ko ba ka yarda ba, rabin maki yake kwasa. Ranar gwaji sai ga bawan Allah nan, wanda bai ce uffan ba a kan kusan rabin batutuwan, yana fitowa na ɗaya ko na biyu wa kusan kowa. Wata ɗaliba ce ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan fa shirunsa ake saka masa da maki." Shiru daban, tsaka-tsaki daban. Tsaka-tsaki sai wanda ya fito ya ce e da sharaɗi, ko ya ce a bar abin yadda yake. Idan an rasa matsayin mutum ɗaya a jimla, mafi sauƙi a cire jimlar a maye gurbinta. Shi ya sa aka tara 60. Idan mutum ɗaya ne ke da giɓi da yawa, a cire shi daga lissafi, a rubuta dalili a shafin farko.

5. Gina jadawalin

Buɗe Google Sheets. Layin farko na kwance na rubuta sunan kowane layin tsaye ne. Layin tsaye na A jimloli, daga A2 zuwa A21. B amsar mai zaɓe. C nauyi. Daga D zuwa gaba, kowane ɗan takara da layinsa.

Amsa da lamba ake rubuta ta: 1 na yarda, 0 tsaka-tsaki, -1 ban yarda ba. A layin nauyi, 1 ne na kullum, 2 idan batun ya dami mutum ƙwarai, 0 idan yana so ya tsallake. Wannan sifilin na nauyi shi ne mafakar wanda bai san batun ba, don kada ya fake da tsaka-tsaki.

Makin irin na Wahl-O-Mat ne: amsa ta zo ɗaya, maki 2, ɗaya yana tsakiya ɗaya yana gefe, maki 1, hannun riga, 0. A gidan D22 ka rubuta:

=SUMPRODUCT((2-ABS($B$2:$B$21-D2:D21))*$C$2:$C$21)/(2*SUM($C$2:$C$21))

Ka mayar da gidan zuwa kashi cikin ɗari da alamar %, sannan ka ja shi zuwa dama ƙarƙashin sauran 'yan takarar. Kada ka manta da alamomin dala ($) ɗin nan. Su ne ke riƙe layin B da C a wurinsu. Idan babu su, da ka ja sai lissafin ya zame ya daina kwatanta mai zaɓe da ɗan takara.

Ka tabbatar da hannu sau ɗaya. A ce jimla huɗu ce. Mai zaɓe ya amsa 1, -1, 1, 0, ya ba ta farko nauyi 2. Ɗan takara yana da 1, 1, 0, -1. Ta farko maki 2 sau 2, huɗu ke nan. Ta biyu sifili. Ta uku ɗaya, ta huɗu ɗaya. Jimilla 6. Nauyi duka 5 ne, sau 2 ya ba da 10. Shida cikin goma, kashi 60. Idan jadawalinka ya ba da wani abu daban, akwai gidan da ya karkace.

6. Gwaji kafin kowa ya gani

Shigar da amsoshin kowane ɗan takara a layin B kamar shi ne mai zaɓe. Dole ya samu kashi 100. Sannan ka cika B da 1 daga sama har ƙasa, ka sake da -1. Idan wani ya yi wa saura fintinkau a ɗaya daga ciki, koma mataki na uku. Sai ka sa =RANDBETWEEN(-1,1) a gidajen B, ka sabunta sau 30 kana rubuta wanda ya zo na ɗaya. Ba sai an raba daidai wa daida ba, amma mutum ɗaya ya cinye 20 alama ce ta ciwo.

Ka gwada kunnen doki kuma. A Faransa, a watan Janairun 2022, manhajar Elyze, wani ma'aunin ra'ayi irin wannan, ta karaɗe wayoyin matasa, an sauke ta a waya fiye da sau miliyan ɗaya. Sai aka gano cewa idan maki ya zo daidai, Emmanuel Macron take ɗorawa a sama. Jean-Luc Mélenchon, ɗaya daga cikin 'yan takarar shugaban ƙasa, ya fito ya yi ƙorafi, masu manhajar suka ce kuskuren tsari ne suka gyara, amma zargin ya riga ya shiga gari. In an yi canjaras, a nuna canjaras ne ƙarara.

Daga nan ka ba mutum goma da ba su san aikin ba, har da wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba, ka zauna kusa ka yi shiru. Duk jimlar da aka tambaye ka "me ake nufi a nan?" sau biyu, sake rubuta ta.

7. Fitar da shi

Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba mahaɗin jadawalin a matsayin na kallo kawai, kowa ya kwafi nasa ya cike. Ka mayar da 'yan takarar da lissafin shafi na biyu, don kada mutum ya ga amsar gwaninsa yana cikewa. Mutane da yawa sukan tambaye ni Google Forms. Yana tattara amsa da kyau, amma ba ya kwatanta mutum da 'yan takara da yawa ya nuna masa nan take, kuma amsoshin kowa a hannunka za su taru, abin da ba ka so.

Idan kana da wanda ya iya ɗora shafi a intanet, akwai Mat-O-Wahl, manhaja ta kyauta da aka yi a kan salon na Jamus. Jimloli da matsayi kawai za a zuba mata, sai a fassara maɓallan zuwa Hausa. Idan kuwa babu data ko babu wuta, takarda tana yi: shafi ɗaya na jimloli, shafi na biyu a naɗe da amsoshin 'yan takara, mutum ya ƙirga makinsa da biro. Ga wanda ba ya karatu, a karanta masa, amma mai karantawa ya riƙe muryarsa da fuskarsa. Na taɓa jin wani yana karanta jimlar sulhu da 'yan bindiga yana tsaki.

A shafin sakamako a nuna kowa da kowa, ba na ɗaya kaɗai ba, kuma a bar mutum ya ga jimla-jimla inda suka haɗu da inda suka rabu, da hujjar kowane matsayi. A rubuta a sama cewa tazarar kashi 5 a jimla 20 amsa ɗaya ce tak ta juye, don haka 70 da 65 kusan abu ɗaya ne. A kuma rubuta cewa ma'aunin alkawari yake aunawa. Bai san riƙon amana ba, bai san abin da mutum ya yi da ya riƙe muƙami a baya ba.

8. Kada ka karɓi suna

Ba suna, ba lambar waya, ba shiga ta Facebook. Badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 da 'yar manhajar tambayoyin hali ta faro: mutum wajen 270,000 suka amsa, aka kwashe bayanan Facebook da suka kai na mutum miliyan 87. Ita ma Elyze ta sha suka kan adana shekarun haihuwa da yankin masu amfani da ita tare da ra'ayinsu, har masu ita suka sanar da goge bayanan. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Kuma da ma'auninka ya fara yawo, za a samu wanda zai kira ka da murya mai daɗi yana neman "jerin waɗanda suka cike". Amsa mafi sauƙi ita ce wadda take gaskiya: babu jerin.

Haka nan kada ka tattara sakamako ka wallafa cewa kashi kaza na jama'a suna tare da wane. Waɗanda suka cike ma'auninka masu waya ne da data da suka ga dama, ba su wakiltar gari.

Bayan an fitar, ka sa ranar sabuntawa ta ƙarshe a ƙasan shafi. 'Yan takara suna janyewa, suna sauya baki, wani ofishin kamfen ɗin kuma sai ya ga abin ya karɓu sannan zai turo amsar da ka nema tun wata guda. Ka karɓa idan ta zo da hujja, ka rubuta abin da aka canza da ranar, ka sake gwajin mataki na shida daga farko. Ni nakan rufe karɓar gyara saura mako ɗaya zaɓe, kuma tun a wasiƙar farko nake sanar da kowa ranar.